Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus karatu wurin Benjamin List

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni, na karanta shi har sau biyu. Ka ce ka gama digirin farko a kimiyyar sinadarai, kana bautar ƙasa, kuma tun da ka ji labarin Bajamushen nan Benjamin List da ya ci kyautar Nobel a 2021, ba ka da wani buri sai ka zo ka yi digiri na uku a ƙarƙashinsa. Ka tambaye ni me ya gano, da kuma hanyar da za ka bi ka shiga wurinsa. Ni ba a ɗakin bincikensa nake ba. Ina aiki ne a wata jami'a a nan yankin Ruhr na Jamus, ba nisa da garin Mülheim inda cibiyarsa take, amma fanninmu ɗaya, kuma takardunsa su ne abincinmu na yau da kullum.

Bari mu fara da abin da ya gano, domin wanda bai fahimce shi ba, ko ya zo, ƙofar ba za ta buɗe masa ba.

Ɗaga hannayenka biyu ka duba. Yatsu biyar nan, biyar can, komai iri ɗaya, amma safar hannun dama ba ta shiga hagu. Haka ƙwayoyin sinadarai da yawa suke, kowace tana da ta dama da ta hagu, kuma jikin ɗan Adam yana bambance su. A nan Jamus ba a manta da maganin talidomid ba, wanda aka riƙa sayar wa mata masu ciki daga 1957 zuwa 1961, aka haifi jarirai kusan 10,000 a duniya da nakasar hannu da ƙafa. Shi wannan maganin, ko an tace hannu ɗaya an ba mutum, yana juyawa a cikin jiki ya koma ɗayan, amma tun daga wannan musiba masu haɗa magani suka daina ɗaukar zancen dama da hagu da wasa. Matsalar kuwa ita ce, in ka haɗa sinadari a kwalba haka kawai, rabi zai fito na dama, rabi na hagu.

Mai iya karkata aikin zuwa hannu ɗaya shi ne katalis. Ni nakan kwatanta shi da dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya wuce ya haɗa na gaba. Kafin shekarar 2000, kusan kowa ya ɗauka dillalai iri biyu ne kawai. Akwai ƙarafa irin su rodiyam da falladiyam, waɗanda a kan irin aikinsu ne Knowles da Noyori da Sharpless suka sami Nobel a 2001. Suna aiki ƙwarai, sai dai ga tsada, wasunsu ba sa jure iska ko danshi, kuma dole a tsame burbushinsu daga magani kafin a ba mara lafiya. Sai kuma inzayim, manyan ƙwayoyin da ke aiki cikin jikin mai rai, masu ɗaruruwan amino asid, wato ƙananan ƙwayoyin da ake jerawa a gina su.

An haifi List a Frankfurt a 1968. Ya yi karatu a Balin, ya koma Frankfurt ya gama digiri na uku a 1997 a hannun Johann Mulzer, sannan ya tafi cibiyar Scripps da ke Kalifoniya a Amurka, wurin Richard Lerner da Carlos Barbas. A can ne ya lura cewa inzayim, duk girmansa, 'yan amino asid kaɗan ne ke yin ainihin aikin. Sai ya tambayi kansa: to in haka ne, ƙwaya ɗaya tak ba za ta iya ba? Ya kuma tuna cewa tun farkon shekarun 1970 wasu masana a kamfanonin magani, Hajos da Parrish a Amurka, da Eder da Sauer da Wiechert a Balin, sun taɓa amfani da amino asid ɗin da ake kira furolin, ya yi aiki, amma aka bar zancen kusan shekara talatin ba wanda ya bi sawunsa sosai. Ya ɗauko furolin ya gwada. A 2000 shi da Lerner da Barbas suka buga sakamakon.

Na maimaita gwajin nan da hannuna a shekarata ta farko, kuma har gobe ina tuna ranar. Furolin farin gari ne kamar gishiri, mai arha. Ka auna ɗan kaɗan, ka zuba asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, ka ƙara aldehaid, wani sinadarin da za a haɗa da asiton ɗin, ka bar shi yana juyawa a kan teburi. Ba wuta, ba ƙanƙara, ba akwatin da aka zuƙe wa iska. Da na sa abin da ya fito cikin na'urar da ke raba dama da hagu, sai ga tudu biyu a fuskar kwamfuta, kowane hannu da nasa, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Na daɗe a zaune ina kallonsu. A takardar List, da aldehaid ɗin farko hannu ɗaya ya kai kimanin kashi 88 cikin 100, da wani kuma ya kai kashi 98.

A shekarar nan dai, David MacMillan, ɗan Sukotland da ke jami'ar Berkeley a lokacin, ya biyo ta wata hanya ya iso wuri guda, ba tare da sun san da aikin juna ba. Shi ne ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi yanzu, oganokatalisis, wato amfani da ƙananan ƙwayoyi marasa ƙarfe irin furolin a matsayin katalis, kuma shi da List ne suka raba Nobel ɗin. Daga baya ɗaliban MacMillan sun bi ta wannan hanya sun haɗa gubar sitiriknin a mataki 12 a 2011, abin da ya ci mataki 29 a karon farko a shekarun 1950. A Japan kuma Yujiro Hayashi ya bi wannan hanya ya haɗa maganin murar nan Tamiflu cikin 'yan matakai.

Abin da ya fi burge ni game da List shi ne bai kwanta a kan furolin ba. Ya dawo gida a 2003, ya shiga cibiyar Max Planck ta binciken kwal da ke Mülheim, inda Karl Ziegler ya yi aikin da ya kai shi ga Nobel a 1963. A 2005 ya zama ɗaya daga daraktocinta. Shi da kansa ya san raunin furolin: sai an zuba da yawa, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ake haɗawa. Saboda haka ya koma ƙera wasu asid masu ƙarfi, masu ɗan ƙuntataccen rami a tsakiya kamar na inzayim, yadda sinadari ba zai iya shiga ba sai ta fuska ɗaya. Wasunsu ɗigo kaɗan ya isa, abin da ake aunawa da kashi cikin miliyan. Wannan shi ne aikin da ake yi a wurinsa yanzu. In ka rubuta masa kana maganar furolin kaɗai, ya san ka tsaya ne a labarin jarida.

To yanzu batun hanya, kuma zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Da digirin farko kaɗai da wuya a ɗauke ka digiri na uku a nan. Sai ka yi na biyu, kuma na biyun da ka yi bincike da hannunka. Nan ne na sha wahala. Na zo da sakamako mai kyau, na haddace yadda kowane haɗi ke gudana a takarda, amma ban taɓa sa samfurina a na'urar NMR mai nuna tsarin ƙwayar sinadari ba, domin inda na yi karatu ba mu da mai aiki. Makon farko aka miƙa mini bututun gilashi aka ce in tace abin da na haɗa, na yi tsaye ban san ta inda zan fara ba. Wata ɗaliba da na girme ta, ita ce ta zauna ta koya mini, har kusan wata uku kafin hannuna ya faɗa. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba ƙanena, hannu ne bai saba ba. Don haka duk ɗakin binciken da za a bar ka ka taɓa kaya a gida, ko wanke kwalabe za ka fara da shi, ka je.

Shawarata ka nemi digiri na biyu a nan Jamus. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya kowane zango, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga baƙi irinmu. Akwai kwasa-kwasan da ake yi da Turanci. Abin da ke kayar da mutane shi ne asusun da ake kullewa kafin biza, wanda ya kai Yuro 11,904 na shekara ɗaya tun daga ƙarshen 2024. Ka duba tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai baƙi tallafin karatu, da wuri. In ka kai matakin digiri na uku a Max Planck, biyan ka za a riƙa yi. Kada kuma ka kafe a kan mutum ɗaya. Masu neman wurinsa daga ko'ina suke, kujerun kuma kaɗan ne, amma fannin ya yaɗu, akwai ƙwararru a Münster, a Aarhus ta ƙasar Denmark, a Japan.

Sanyi da duhun hunturu gaskiya ne, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya rufe. Masallatai da shagunan naman halal na Turkawa kuwa ba sa wahalar samu a yankin nan.

Akwai abin da nake yawan tunawa game da gida. Furolin da asiton ba su fi ƙarfin jami'o'inmu ba, ba sa buƙatar ƙarfe mai tsada, ba sa tsoron iska. Abin da ke wuya shi ne na'urar aunawa da wutar da ba ta ɗaukewa. In Allah ya kawo ka, ka koyi aunawa har da gyaran na'urar, wannan ne za ka fi buƙata ranar da ka koma.

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, nemo takardar nan ta 2000, shafi biyu ce kacal. Karanta ta, ka zana da biro yadda furolin ke kama asiton har ya sake shi, ka ɗauki hoton zanen ka turo mini mu duba tare. A gaida su Baba da Inna.