Gindin kwanso ake karantawa

Ka tambaye ni yadda za ka gane ko kwanson harsashin igwar da mutumin nan ya kawo na jirgin ruwan yaƙi ne, tunda ya rantse a yaƙin Jutland aka harba shi, wato gumurzun jiragen ruwan Ingila da na Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. To yaro, ajiye rantsuwarsa gefe, juya kwanson ka dubi gindinsa. Goga alli a kai, ka share da yatsa, ka haska fitila a karkace. Ka ga rubutun ya fito? Kada ka kuskura ka sa masa samfefa. Ina yaro na taɓa murje wani har ya yi ƙyalli, lambobin suka tafi, maigidana ya yi kwana uku bai yi mini magana ba.

Fara da wannan 'yar alama mai kama da sawun kaza. Kibiya ce, tambarin gwamnatin Ingila a kan kayanta. Harafin N da ke kusa da ita shi ne amsar tambayarka ta farko, na sojan ruwa ne. RL kuwa masana'antar gwamnati ce da take Woolwich a Landan a wancan zamani. A wani za ka ga EOC, kamfanin Elswick ke nan na Newcastle, ko VSM, wato Vickers, Sons and Maxim, sunan da kamfanin ya daina amfani da shi a 1911.

Sai wannan 12 PR 12 CWT, inda yara da yawa ke ruɗewa. Sha biyun farko nauyin harsashin ne, kimanin laba 12. Na biyun nauyin igwar ce kanta, kilo 600 da 'yan kai, an rubuta shi ne don a bambanta ta da sauran igwogi masu harba irin wannan nauyi. Faɗin bakinta inci 3 ne, milimita 76. Ɗauko ma'auni ka gwada bakin kwanson. In bai yi daidai ba, ko an yanke shi an mai da shi tukunyar fure, ko rubutun na jabu ne. CF na nufin an ɗura masa cikakken awo na kodayit, albarushin zamanin. Kowane F da aka ƙara a gaba, sake cika shi aka yi, don tagulla na da tsada, ba a yar da ita bayan harbi ɗaya. Shi ya sa maɓallin tsakiya, wanda ke tayar da wutar, yakan zo da shekarar da ta fi ta kwanson sabunta.

Yanzu karanta mini shekarar. 1917 ko? An gwabza a Jutland ranar 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, 1916. Kwanson nan ba a ma ƙera shi ba a lokacin. Ko da 1915 ka gani, shekarar ƙira kawai ta gaya maka, ba ta ce ga jirgin da ya harba shi ba. Haka in wani ya ce maka kwansonsa na igwar Ingila mai inci 15 ne, ka yi dariya kawai: irin waɗannan igwogi ba su da kwanso, a buhunan siliki aka riƙa ɗura musu albarushi. Jamusawa ne suka riƙa sa kwanson tagulla har a manyan igwoginsu. Nasu na zamanin Kaisa, sarkin Jamus, za ka ga M da kambi a kansa, sau da yawa da sunan Polte Magdeburg ko Karlsruhe. Na Amurka kuma hoton anka, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, suke bugawa.

Wannan dai fanko ne, na leƙa cikinsa. Amma duk ranar da aka kawo maka mai kan harsashi a haɗe, ko wanda maɓallinsa bai nuna alamar an harba ba, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka kai shi kusa da wuta. Fitar da mutane daga shago ka kira 'yan sanda.

In mutumin ya dawo, ka taya shi a kuɗin kwanson 1917.