An yi wa bulok fesin, marfin taimin ya fi shi tsawo: ya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ni bakanike ne a Gusau. An kawo min tsohuwar Hilux mai injin 22R, ta tafasa a hanyar Ƙaura Namoda har gasket ya ƙone. Na kai bulok (gangar jikin injin) da top silinda (kan injin da ke zama a samansa) an yi musu fesin, wato an aske fuskokinsu sun daidaita. Da na zo haɗawa na ɗaura marfin taimin, wanda ke rufe sarkar taimin a gaban bulok, sai na ji da farce ya ɗan ɗara bulok tsawo. Abokan aiki sun ce in sa gasket mai kauri in cika gam, noti zai danne sauran. In bi shawararsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ɗora top ɗin nan tukuna. Farcenka ya gaya maka gaskiya.

A injin 22R, saman marfin taimin da fuskar bulok shimfiɗa ɗaya ce. Gasket ɗin top ba a bakin bulok yake tsayawa ba, yana zarcewa gaba ya hau kan marfin, top ɗin ya zauna a kan su biyun. Haka ma injinan Nissan KA24E da BMW M50 suke. To an rage bulok, marfi yana gareji ba a taɓa shi ba, dole ya tsere masa da daidai abin da aka aske.

In ka ɗaure a haka, goshin top zai fara sauka a kan marfin kafin ya kama bulok. Wurin da zai rasa matsi kuwa shi ne gaban silinda ta ɗaya, inda wuta da ruwa suke maƙwabtaka. Motar za ta tashi lafiya, mai ita ya biya ka ya tafi yana sa albarka. Bayan 'yan makonni sai ruwa ya fara raguwa a lagireto, ko baƙin mai ya riƙa tsattsafowa ta kusurwar da marfi, bulok da top suka haɗu. Wani lokacin ma marfin ne ke tsagewa, domin alminiyom ne, ba zai iya ɗaukar nauyin notin top ba.

Gasket mai kauri yana da amfaninsa, amma ba wannan ba. Yana mayar da tazarar da aka rasa tsakanin fistin da top. Tudun da ke ƙarƙashinsa kuwa yana nan daram, ko kaurin gasket ya kai na tabarma. Gam kuma mai yake tarewa, ba ya riƙe wutar silinda.

Ka fara aunawa. Ka wanke fuskokin tas, ka zaunar da marfin a kan 'yan fegin saitinsa guda biyu, ka ɗaure notinsa kamar yadda zai zauna a ƙarshe. Ka gitta miƙaƙƙen ƙarfen awo daga kan marfi zuwa kan bulok, hagu da dama, ka zura fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a ƙarƙashi. Toyota a yawancin injinanta ba ta yarda karkacewar fuskar bulok ta wuce milimita 0.05 ba, abin da bai fi kaurin silin gashi ba. Tudun da farce ke kamawa galibi ya wuce haka.

Gyaran da na fi yarda da shi: ka mayar da bulok wurin mai fesin da marfin ɗaure a jikinsa, a bi ta kansu tare a shafa ɗaya mai sauƙi. Da ma haka ya kamata a yi tun farko, kuma mai fesin da ya san aikinsa shi zai fara tambayarka ina marfi. Ka ce masa ya bi a hankali, don bulok ɗin ƙarfen zubi ne, marfi alminiyom, kuma alminiyom yana toshe dutsen gurza. In ka riga ka sa karanshaf da fistin, ba sai ka warware ba: ka kai marfin shi kaɗai tare da awon da ka samu, a cire daidai wannan. Gara a cire kaɗan ka gwada, a ƙara, domin abin da aka aske ba ya dawowa.

Magagari a hannu, ban ba ka shawara ba. Hannu ba ya tafiya daidai, sai ka cinye gefe ɗaya. In tudun ɗan mitsitsi ne kuma mai fesin ya yi maka nisa, samfefa a manne kan gilashi mai kauri ta fi, kana gurzawa kana aunawa.

In marfin ya ɗan gaza bulok da ƙiris, wannan da sauƙi, tunda mai kawai ake tarewa a wajen. Nan ne ɗigon gam a mahaɗar biyu ke aiki, ɗigo ba lafta ba.

Abu biyu kafin ka rufe. Tunda an rage bulok an rage top, kamshaf ya matso kusa da karanshaf, sarkar taimin da ta haɗa su za ta ɗan saki, taimin ya ɗan ja baya. Ka duba sarkar da abin ɗame ta da robobin da take bi, in sun ci ka canza yanzu da injin ke buɗe. Sannan akwai ƙaramin notin nan na gaban top, ƙarƙashin giyar kamshaf, wanda ke shiga cikin marfin kuma baƙin mai ke ɓoye shi. Sai ka gama ɗaure manyan notin top goma, daga tsakiya zuwa waje, sannan ka ɗaure shi, kuma da sassauci.