Kundin farko na Peter Gabriel: ya cancanci saye?

Malam, ka ce kana son Genesis, ƙungiyar kiɗan da Peter Gabriel ya taɓa zama mawaƙinta, kana tambaya ko kundin da ya fitar shi kaɗai a 1977 zai gamsar da kai. Muryar dai tana nan daram, kuma waƙar "Solsbury Hill" kaɗai ta biya kuɗinka. Matsalar, kundin bai tsaya wuri ɗaya ba, kowace waƙa da salonta. A "Here Comes the Flood" kuwa, kayan kiɗa sun yi wa muryar yawa, har daga baya ya sake rera ta da fiyano.

Kada ka sa ran dogayen waƙoƙi irin na Genesis. Kuma ka lura, kundayensa huɗu na farko sunansu ɗaya. Nemi mai hoton mota. In tsohon faifan garmaho za ka saya, masanin faifai ya duba maka tukuna.