Amsa ga 'yar'uwar da aka ce sai ta ajiye kuɗi kafin a duba mahaifinta

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin tambaya ko asibiti na da hurumin cewa sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, alhali cikin dare kuka kai shi numfashinsa na sarƙewa.

A dokance ba su da wannan hurumin. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuma hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wanda aka harba da bindiga ma, tun 2017 doka ta ce a karɓe shi ko babu takardar 'yan sanda, ko babu kuɗin ajiya.

Sai dai ni da na daɗe ina kwana a barandar asibitocin gwamnati wajen jinyar iyaye, ban taɓa ganin karanto doka a gaban kanta ya sa an ɗaura wa majinyaci ruwa ba. Allura, safar hannu, ledar ƙarin ruwa, yawancinsu da kuɗin da ake juyawa ake sayo su: a sayar wa wannan, a sayo wa na gobe. Mai kula da ɗakin magani in ya bayar babu rasit, shi za a tuhuma. Shi ya sa za ki ga nas ta ɗaure hannun Baba tana laluben jijiya, amma ta miƙo miki 'yar takarda ta ce, "Yi sauri ki sayo." Ba kullum ba ne mugunta, ko da yake akwai masu halin tsiya, wannan kam ba a musu.

Saboda haka kada ki ɓata lokaci wajen gardama da mai karɓar kuɗi, ba shi da ta cewa. Nemi likitan da ke bakin aiki, ki roƙe shi ya ware miki abin da ake bukata yanzu-yanzu daga lissafin kwanciyar mako guda. Kuɗin kan ragu sosai. Sauran ki nemi a ba ku damar rubuta takardar alƙawari, wani babba ya sa hannu. Gari na wayewa ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, manyan asibitoci suna da shi, kuma sukan yafe wa mai ƙaramin ƙarfi wani abu.

In an ambaci ƙarin jini, kira ƙannenki maza tun da wuri, don sai an mayar da madadinsa, kuma kuɗin gwaji daban ne.

Inshora kuwa, in a Kano kuke akwai KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, amma ba ranar da aka yi rajista take fara aiki ba. Ki yi wa Baba da Mama da zarar an sallame ku.