Kifina na killi ya mutu bayan wata takwas, laifina ne?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Tunda ka ce Nothobranchius ne, wato wani irin ƙaramin kifin killi mai gajeren rai, kwanansa ne ya ƙare. A gabashin Afirka cikin kududdufan damina yake rayuwa. Ruwa na ƙafewa ya mutu, ƙwansa ya kwana cikin laka har wata daminar.

Don haka ƙwan za ka bi. Sa wa sauran kifayen ɗan kwano da ɓawon kwakwa niƙaƙƙe su yi ƙwai a ciki. Bayan mako 2 ka kwashe, ka matse ya rage danshi kawai, ka ƙulle a leda wata 2 zuwa 4, gwargwadon irinsa. Sannan ka zuba ruwa. Ranar nan za ka ga 'ya'ya suna iyo, abin gwanin sha'awa wallahi.

Ka rufe tankin kuma, suna da tsalle.