Tambaya da Amsa: Me ya sa gudu yake yankewa ana tsakiyar wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Jidda, muna buga ƙwallo ta mutum biyar-biyar da 'yan unguwarmu bayan sallar isha'i. A farkon wasa babu mai kamo ni, amma da na fafara gudu sau uku ko huɗu a jere sai ƙafafuna su yi nauyi, cinyoyina su ɗauki zafi. Ina yin sassarfa mai nisa a bakin teku, amma ban ga canji ba. Wani abokina ya ce in sayi garin kiriyatin da ake sayarwa a gidajen motsa jiki. Ina neman shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake ji ba cuta ba ce, kuma sassarfar da kake yi tana da amfaninta, sai dai ba ita ce take gina irin ƙarfin da kake nema ba.

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da take ajiyewa daga cikinsa bai wuce na daƙiƙa 2 zuwa 3 ba idan mutum ya saki ƙarfinsa gaba ɗaya. Da ya ƙare sai wani sinadarin mai suna fosfokiriyatin ya karɓa, ya riƙa sabunta shi nan take ba tare da jiran iskar oksijin ba, shi ma kuwa ba ya wuce daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Wannan ajiyar ta ɗauki babban kaso na aikin a lokacin da Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009. Idan gudun ya zarce haka, tsoka takan koma farfasa sukarin da ta adana cikin gaggawa, wanda yake ba da ƙarfi na ɗan lokaci amma yana tara tsami a cikinta, kuma daga nan ne zafin cinya da nauyin ƙafa suke fitowa. Shi ya sa masu tsere suke ɗaukar mita 400 a matsayin gudu mafi azaba. Hadi Su'an As-Sumaili, wanda ya ciyo wa Saudiyya lambar azurfa a gudun mita 400 da tsallake shinge a gasar Olimfik ta Sidni a 2000, ya gama ne cikin daƙiƙa 47.53, kuma ƙarshen irin wannan gudu da tsoka mai cike da tsami ake yin sa.

To, ga inda matsalarka take. Fosfokiriyatin kamar ruwan buta yake: yana kusa da hannu, yana saurin ƙarewa, kuma dole a koma famfo kafin a sake samun sa. Rabinsa yakan dawo cikin kusan daƙiƙa 30 na hutu, amma cikarsa sai an yi minti 3 zuwa 5. A ƙaramin fili irin naku, inda ƙwallo ba ta fita sosai kuma babu wurin laɓewa, kana sake fafarawa ne tun ajiyar ba ta dawo ba, saboda haka gudu na huɗu ba zai taɓa yin kama da na farko ba. A nan ne sassarfarka take taimakawa, domin da iskar oksijin ake mayar da wannan ajiya, kuma mai ƙarfin zuciya da huhu ya fi saurin farfaɗowa. Kada ka daina ta, amma kada ka sa ran za ta ƙara maka sauri.

Akwai abin da aka haifi mutum da shi. Zaruruwan tsoka iri biyu ne, masu saurin tsukewa da saurin gajiya, da kuma masu jinkiri da juriya, kuma gado yana da hannu babba wajen yawan kowanne a jikin mutum. Shekaru ma suna da tasu rawar, domin irin wannan ƙarfi yakan kai ƙololuwa a shekarun ashirin sannan ya fara ja baya a hankali. Sauran kuwa yana hannunka. Sau biyu a mako, bayan ka ɗumama jiki sosai na kamar minti 10, ka yi gudun mita 20 zuwa 40 da dukkan ƙarfinka sau shida ko takwas, kana hutawa minti 2 zuwa 3 a tsakani. Matasa da yawa suna ganin wannan hutun kamar lalaci ne, sai su rage shi, alhali wanda ya rage shi yana koya wa jikinsa gudu cikin gajiya ne, ba sauri ba. Ka haɗa da tsugunno da nauyi da kuma tsalle-tsalle, domin ƙarfin cinya da mazaunai ne yake tura jiki gaba, kuma kitsen da ya yi yawa kaya ne da ƙafa take ɗauka ba tare da ya ba ta komai ba. Bayan wasu makonni sai ka ware rana ɗaya ta maimaita gudu da gajeren hutu, irin yanayin da kake samu a fili.

Yanayin Jidda ma ka sa shi a lissafi. Tsoka mai ɗumi ta fi mai sanyi saurin aiki, saboda haka zafi ba ya cutar da gudu guda ɗaya, amma danshin teku yana hana gumi bushewa, jiki ya kasa sanyaya kansa, sai gajiya ta zo da wuri a gudu na maimaici. Ka auna nauyinka kafin wasa da bayansa. Idan ka rage kashi 2 cikin 100, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, to ruwan da kake sha bai isa ba. Kwana a zaune har asuba bayan wasa, wanda ya zama al'adar matasanmu a nan, shi ma yana cinye abin da horo ya gina.

Game da kiriyatin, wato sinadarin da jiki yake haɗa fosfokiriyatin da shi, abokinka bai yi ƙarya ba: yana cikin 'yan ƙalilan na irin waɗannan kayayyaki da bincike ya tabbatar da amfaninsu ga gajeren aiki mai ƙarfi, kuma giram 3 zuwa 5 a rana ake sha. Jiki yana haɗa nasa, ana kuma samun sa a nama da kifi. Yakan ƙara wa mutum kilo 1 ko 2 na ruwa a tsoka, kuma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita. A ganina shi ne na ƙarshe a jeri, domin wanda bai gyara horonsa da barcinsa ba kuɗinsa kawai zai zubar.

TAMBAYA: Malam, aiki ya mayar da ni Abha daga Makka, kuma tun da na zo nake saurin haki a wasa. Shin tsayin wurin a kan tsauni yana rage gudu?

AMSA: Abha tana bisa tsauni mai tsayin fiye da mita 2,000, inda kowane numfashi yake shigar da oksijin ƙasa da na Makka. Gudu guda ɗaya na 'yan daƙiƙu ba ya raguwa, hasali ma sirantar iska tana rage turjiya. A gasar Olimfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin kusan mita 2,240, an kafa sababbin tarihi a gajerun tsere, kuma a can ne Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90. Abin da yake wahala shi ne farfaɗowa tsakanin gudu da gudu. Ka tsawaita hutu, ka yawaita shan ruwa, jiki zai fara sabawa cikin mako biyu zuwa uku. Idan hakin ya zo da ciwon ƙirji ko jiri, ko kuma kana da sikila, ka ga likita kafin ka koma fili.