Daga Kano zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tudun Wadar Zariya ne, zan raka mahaifiyata aikin Umara, za mu tashi daga Kano. Tikitinmu ya nuna za mu tashi ƙarfe 1:00 na rana mu sauka Jidda 7:45 na dare, amma a dawowa tashi 8:00 na safe, sauka 10:50. Ta yaya zuwa zai ci kusan awa bakwai, dawowa kuma ko uku bai kai ba? Hajiya na fama da ciwon ƙafa, shi ya sa nake son sanin gaskiyar nisan.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, tikitin bai yi kuskure ba. Kowane lokaci da ke jikinsa agogon garin da aka ambata ne, kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Cire biyun nan daga tafiyar zuwa, ka ƙara su a kan ta dawowa: zuwa awa 4 da minti 45, dawowa awa 4 da minti 50. Ka ga kusan duk ɗaya ne.

Lissafin nisan ma ya yi daidai da haka. Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka ja layi miƙaƙƙe, wanda ke ratsa Chadi da Sudan ya tsallake Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, wato awa huɗu ke nan. Ragowar mintunan suna tafiya ne a hawa da sauka, inda gudu ke raguwa, da kuma gangarawa a kan titin jirgi. Ko ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke nan Zariya tun 1964, cikin abin da ake fara koya musu akwai cewa gudun jirgi cikin iska daban, gudunsa a kan ƙasa daban. Iska ta baya tana rage lokaci, ta gaba tana ƙarawa.

Sai dai jirgi ba koyaushe yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Idan an kewaya, kada ka yi mamakin wuce awa biyar.

Ni abin da zan fi so ka duba saboda Hajiya shi ne ko jirgin kai-tsaye ne. Wanda ke yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa yakan fi araha, amma da jiran canjin jirgi sai yini ya tafi, kuma ga dattijuwa mai ciwon ƙafa arahar nan ba ta biya ba. Ka sa da kusan kilomita 150 na mota daga Zariya zuwa Kano, da isa filin jirgi awa uku kafin tashi, da wajen kilomita 100 daga filin Jidda zuwa Makka.

Ka nema mata keken guragu tun yanzu wurin kamfanin jirgin, da kujera ta bakin hanya don ta riƙa miƙe ƙafa. Kai kuma ka ɗaura harami tun daga Kano, don gudun ƙetare miƙati a sama kafin ku sauka Jidda.